Marigayi Bill Shankly (1913–1981): Ɗan Glenbuck, Garin Da Ya Ɓace Ya Bar Suna

Duk wanda yake leƙa gidajen kallon ƙwallo a garuruwanmu ya san sunan Liverpool, ya kuma san jajayen rigunanta. Amma kaɗan ne daga cikin samarin da ke sowa idan ta jefa ƙwallo a raga suka san mutumin da ya tsamo ta daga rukuni na biyu ya mai da ita abin da ta zama. Waɗanda suka san ƙauyen da ya fito kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A shafinmu na tarihin mashahuran mutane na bana mun ɗauko rayuwar wannan mutum, wato Bill Shankly. Labarinsa kuwa ba ya cika sai an haɗa da na wani ƙaramin kulob na leburorin haƙar kwal, wanda ya rene shi ya koya masa ƙwallo, alhali bai taɓa buga wa babbar tawagarsa ko wasa ɗaya ba.

Garin da aka haife shi

An haifi William Shankly ranar 2 ga Satumba, 1913 a Glenbuck, wani ƙauye da ke cikin tsaunukan gabashin lardin Ayrshire a ƙasar Sikotland, dab da iyakar Lanarkshire, kusa da garin Muirkirk. Wuri ne mai sanyi da iska da yawan ruwan sama, kuma abin da ya tara mutane a can yana ƙarƙashin ƙasa ne. A ƙarshen ƙarni na 18 an kafa ma'aikatar narkar da ƙarfe a wurin, ta durƙushe a 1813, daga baya kwal ya maye gurbinta. Ko a lokacin da garin yake ganiyarsa jama'arsa ba su taɓa kai dubu biyu ba, kuma a shekarar da aka haifi Bill sun ragu zuwa kimanin 700, domin tun a lokacin magidanta sun fara kwashe iyalansu suna bin wasu ramukan da suka fi albarka.

Mahaifinsa, John, ya yi aikin raba wasiƙu kafin ya koma sana'ar tela yana ɗinka kwat da hannu. Shi ba ɗan ƙwallo ba ne, tseren gudu ya yi a ƙuruciyarsa. Jinin ƙwallon ta wajen mahaifiyarsa Barbara ya biyo, domin 'yan'uwanta maza biyu, Bob da Billy Blyth, duk sun yi sana'ar ƙwallo, daga baya ɗaya ya zama jigo a kulob ɗin Portsmouth, ɗaya kuma a Carlisle. 'Ya'ya goma ne a gidan, biyar maza biyar mata. Bill shi ne na tara, kuma autan maza. Dukkan mazan nan biyar, Alec da Jimmy da John da Bob da Bill, sun ci abinci da ƙwallo. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Kulob ɗin garin

An kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garin a cikin shekarun 1870 da sunan Glenbuck Athletic, filinta kuma shi ne Burnside Park. Ya kamata mai karatu ya fahimci matsayinta. Ba ta taɓa shiga babbar gasar lig ta Sikotland ba. Tana cikin tsarin da mutanen ƙasar ke kira na ƙananan kulob, sunan da ke ruɗar baƙo ya ɗauka wasan yara ne, alhali ƙarti ne majiya ƙarfi, waɗanda ke fitowa daga rami su wanke baƙin fuskarsu su ɗaura takalma. Gasa ce ta ƙauye da ƙauye, wadda gabar da ke cikinta ta fi ta manyan birane zafi, saboda wanda ka ka da ranar Asabar mai yiwuwa ne ka gamu da ɗan'uwansa a bakin aiki ranar Litinin. Glenbuck ta ɗauki kofin ƙananan kulob na Ayrshire sau uku a jere, a 1889 da 1890 da 1891.

Wajen farkon ƙarni na 20 ne sunan ya koma Cherrypickers, ma'ana masu tsinkar wani ɗan itace ja ƙarami. Akwai ruwayoyi biyu game da asalin sunan. Wasu sun ce laƙabin wata rundunar sojan doki ta Birtaniya ne, wanda ya bi wasu samarin garin da ke kwaikwayon faretinsu a kan titi. Wasu kuma sun ce daga aikin tsince duwatsu daga cikin kwal a bakin rami ya samo asali. Mu dai ta biyun ta fi kwanta mana, domin ta fi kama da rayuwar mutanen.

Abin da ya sa har yau ake maganar wannan kulob shi ne yawan 'yan wasan da ya fitar. A cikin shekarunsa wajen 60, ƙauyen nan ya ba da kimanin mutum 50 da suka zama ƙwararrun 'yan ƙwallo masu albashi a Ingila da Sikotland, kuma daga cikinsu akwai waɗanda suka sa rigar ƙasa. A 1901, lokacin da Tottenham ta ɗauki Kofin FA tana wajen babbar gasar lig ta Ingila, abin da babu kulob ɗin da ya sake yi tun daga nan, 'yan Glenbuck biyu ne a cikin tawagar, Sandy Tait a baya da Sandy Brown a gaba. Brown ya ci ƙwallo 15 a gasar ta wannan shekara. George Halley ma ya ɗauki kofin tare da Burnley a 1914. Akwai kuma 'yan gida ɗaya su biyar, na zuri'ar Knox, waɗanda suka gagari kowa a gasannin biyar-biyar da ake yi a bukukuwan bazara.

Dalilin wannan baiwa ba boyayye ba ne. Garin ba shi da wani abin nishaɗi na a zo a gani, kuma yaro ba shi da hanyar tsira daga rami sai ƙafarsa. Da rani a can rana takan kai wajen ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, saboda haka bayan an tashi aiki sai a raba gari biyu a yi ta bugawa, yaro da babba, har duhu ya raba. A ƙaramin fili, cikin mutanen da suka fi ka ƙarfi, wanda ya riƙe ƙwallo ya sha duka. Dole ka miƙa wa na kusa da kai, ka matsa inda zai gan ka ya maido maka. A ƙarƙashin ƙasa ma haka abin yake, domin ran kowane lebura yana hannun abokin aikinsa, kuma ragon mutum ɗaya yana iya jawo wa goma halaka. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai sake gamuwa da shi a Liverpool.

Daga rami zuwa Wembley

Bill yana ɗan shekara 12 aka yi babban yajin aiki na 1926, wanda leburorin kwal suka shafe wajen wata bakwai a cikinsa suka koma aiki ba tare da biyan buƙata ba. A 1928 ya bar makaranta ya shiga aikin kwal. Ya fara a bakin rami yana juye kurar kwal da tsince duwatsu, daga baya aka saukar da shi ƙasa. Bayan kimanin shekara biyu aka rufe ramin, ya zama ba shi da aikin yi.

Burin kowane yaro a garin shi ne ya sa rigar Cherrypickers kamar yadda yayyensa suka yi. An gwada shi, aka ga shekarunsa ba su kai ba, aka ce ya dakata. Dakatawar da ba ta yi rana ba ke nan. A 1931 kulob ɗin ya sake ɗaukar kofin Ayrshire, kuma a wannan shekarar ce ya watse, saboda ramukan da ke ciyar da 'yan wasa da 'yan kallo suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ba a ka da shi a fili ba, mutanen ne suka ƙare. Sai Bill ya koma buga wa Cronberry Eglinton, wani ƙaramin kulob mai nisan mil 12, yana zuwa a kan keke yana dawowa.

Daga can Carlisle United, inda kawunsa Billy yake cikin daraktoci, ta ɗauke shi a 1932 a kan albashin fam huɗu da sule goma a mako. Da hutun ƙarshen kaka ya zo sai ya koma gida ya ci gaba da horar da kansa. Yakan tsaya yana jefa ƙwallo da hannu ta tsallake jerin gidajen leburori, yaran gari suna ɗauko masa, don ya ƙware a jifa mai nisa daga gefen fili. A bazarar 1933 Preston North End ta saye shi a kan fam 500. Da farko ya yi jinkiri, ganin sule goma kacal aka ƙara masa, sai da yayansa Alec ya nuna masa cewa girman kulob ɗin ya fi kuɗin muhimmanci.

A Preston ya yi suna a matsayin ɗan wasan tsakiya ta dama, mara gajiya, mai tsabtar ƙwace ƙwallo. Sun hau rukuni na ɗaya a 1934. A 1937 Sunderland ta doke su da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe na Kofin FA, amma a 1938 suka dawo suka ɗauke shi a hannun Huddersfield da ci ɗaya mai ban haushi, wanda George Mutch ya ci da bugun fenareti a ƙarshen ƙarin lokaci. A watan Afrilu na wannan shekarar ya fara buga wa Sikotland, a filin Wembley, suka ci Ingila 1 da nema. Sau biyar ya sa rigar ƙasa kafin yaƙi. Washegarin ranar da ya cika shekara 26 Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yaƙin ya cinye shekarun da ɗan ƙwallo ya fi ƙarfi a cikinsu. Ya yi aiki a rundunar sojan sama, a nan ya haɗu da Agnes Fisher, wadda aka fi sani da Nessie, suka yi aure a 1944, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Shekaru goma na shan wuya

Ya rataye takalmansa a 1949 ya zama manajan Carlisle. Daga nan ya je Grimsby a 1951, Workington a 1954, sa'an nan Huddersfield, inda ya zama manaja a 1956 ya kuma fito da wani siririn yaro ɗan shekara 16 mai suna Denis Law. Babu babban kofin da ya ci a waɗannan wurare. A Carlisle yakan ɗauki lasifika kafin wasa ya bayyana wa 'yan kallo dalilin da ya sa ya canza wane ya sa wane. A Workington shi ne mai amsa waya, shi ne mai zuwa banki ɗauko albashi, ga kuma rigima da 'yan wasan zari-ruga da suke raba fili da su. Kusan ko'ina rabuwarsa da daraktoci a kan abu ɗaya ne, wato shi yana hangen nesa su kuwa suna duban aljihu. Liverpool ma ta tattauna da shi a 1951, maganar ta watse saboda ya ce shi zai riƙa zaɓar 'yan wasa, ba kwamiti ba.

Liverpool

A watan Disamba na 1959 suka dawo suka neme shi a bisa sharaɗinsa. Ya tarar da kulob ɗin da ya faɗa rukuni na biyu tun 1954, filin Anfield ya tsufa, filin atisaye na Melwood kuwa ya zama kamar saura. Shi da mataimakansa suka riƙa jeruwa suna tsince duwatsu da kwalabe daga cikin ciyawa, aikin da ya saba da irinsa tun yana yaro a bakin rami. Ya sallami 'yan wasa 24. Amma bai taɓa masu horarwar da ya tarar ba, Bob Paisley da Joe Fagan da Reuben Bennett. Abin da ya nema daga gare su shi ne amana, kada wani ya kawo masa gulmar wani. Wani ɗan ɗakin ajiye takalma ne ya zama majalisarsu, kuma daga wannan ɗaki Liverpool ta yi ta samun manajoji har shekaru masu yawa. Shi kansa Paisley ɗan garin kwal ne, Hetton-le-Hole a lardin Durham, kuma ya taso ta hannun Bishop Auckland, kulob ɗin 'yan sa-kai. Haka ma Matt Busby na Manchester United da Jock Stein na Celtic, duk 'ya'yan ramin kwal ne na yammacin Sikotland. Mun daɗe muna ganin wannan ba dace ba ne kawai.

Ya rage dogon gudun da ake sa 'yan wasa a kan titi, ya mai da atisaye ya zama da ƙwallo a ƙafa, ginshiƙinsa kuma wasan biyar-biyar, irin na yammacin Glenbuck, har shi ma yakan shiga kuma ba ya yarda a tashi tawagarsa tana baya. Miƙa, ka matsa, ka taimaki wanda aka matsa wa. Wannan ne dukkan karatun, kuma bai taɓa ɓoye inda ya koyo shi ba. A 1961 ya shawo kan daraktoci suka saya masa Ian St John daga Motherwell da Ron Yeats daga Dundee United. A 1962 suka hau rukuni na ɗaya, a 1964 suka zama zakarun Ingila, a 1965 suka ɗauki Kofin FA karo na farko a tarihin kulob ɗin bayan doke Leeds da ci 2 da 1, a 1966 suka sake cin lig. Shi ne kuma ya sa suka koma sa ja tun daga riga har safa.

Laifinsa, in laifi ne, shi ne ya daɗe yana riƙe da tsofaffin 'yan wasansa bayan ƙarfinsu ya fara ja da baya, kuma wannan ya jawo masa shekaru bakwai ba kofi. Wani halin nasa da ba za mu yaba ba shi ne yadda yake ɗauke kai daga ɗan wasan da ya ji rauni, kamar ba ya nan, har sai ya warke. Amma ya sake gini, ya ɗauko Ray Clemence da Kevin Keegan daga ƙaramin kulob na Scunthorpe, a 1973 ya haɗa lig da Kofin UEFA bayan doke Borussia Mönchengladbach ta Jamus, a 1974 kuma ya lallasa Newcastle da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na Kofin FA. Babban kofin Turai kuwa ya gagare shi, inda Inter ta Italiya ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe a 1965.

Tsakaninsa da talakawan birnin kuwa sai wanda ya gani. Da kansa yake amsa wasiƙunsu a kan wata tsohuwar tafireta, yana raba tikiti ga waɗanda ba su da hali. A ranar bikin cin lig na 1973 wani ɗan kallo ya jefo ƙyallen wuyansa mai launin kulob, wani ɗan sanda ya ture shi gefe. Shankly ya tsawata masa, ya ɗauki ƙyallen ya ɗaura a wuyansa. Ya ɗauki 'yan kallon Anfield tamkar mutanen ƙauyensu, waɗanda suka yi aikin ƙarfi mako guda suka ciro kuɗin shiga daga guminsu.

Murabus da rasuwa

Ranar 12 ga Yuli, 1974, yana da shekara 60, ya ba da sanarwar ajiye aiki, abin da ya girgiza birnin. Gajiya ce da kuma son ya ba iyalinsa lokaci. Ba a daɗe ba ya gane ya yi gaggawa. Ya riƙa zuwa Melwood da safe kamar yadda ya saba, 'yan wasa suna ci gaba da kiransa maigida a gaban Paisley wanda ya gaje shi, har hukumar kulob ta nuna masa ya rage zuwa. Ba a ba shi kujera a cikin daraktoci ba. Muna iya fahimtar uzurin kulob ɗin, domin sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya, kuma Paisley ya ci lig shida da kofin Turai uku a kan harsashin da aka bar masa. Duk da haka, a ganinmu, akwai hanyar da ta fi wannan mutunci. Mutumin da ya gina gidan sai ga shi ya fi samun maraba a filin atisayen Everton, abokan gabarsu, wanda ke kusa da matsakaicin gidan da ya zauna a ciki tun zuwansa birnin. Sauran lokacinsa kuma yakan buga biyar-biyar da yaran unguwa.

Ciwon zuciya ya kama shi a ƙarshen Satumba na 1981, ya rasu a asibiti a Liverpool ranar 29 ga watan, yana da shekara 68. An ƙona gawarsa bisa al'adar wasu mutanen ƙasar, aka watsa tokar a filin Anfield. A 1982 aka sa wa wata ƙofar filin sunansa, a 1997 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a waje.

Glenbuck kuwa ba ta farfaɗo ba tun bayan rufe ramukanta a farkon shekarun 1930. Iyalai suka yi ta tashi, gidaje suka zama kufai. A shekarun 1990 wani sabon salon haƙar kwal ya zo, wanda manyan motocin tono ke yaye ƙasa daga sama, ya share kusan duk abin da ya rage na garin. Kwal ɗin da ya kafa shi, shi ne ya cinye shi. A watan Afrilu na 1997 aka kafa wani baƙin dutse na tunawa da Shankly a bakin hanyar shiga ƙauyen, magoya bayan Liverpool suka cika motoci suka zo. Kamfanin da ke haƙar ya karye a 2013. Bayan an gyara wurin, ranar 2 ga Satumba, 2019, wadda ta yi daidai da shekara 106 da haihuwarsa, aka buɗe shi a matsayin wurin tarihi, aka matsar da dutsen zuwa kusa da inda gidansu yake a da, aka kafa alluna masu bayanin garin da kulob ɗinsa. Daga Liverpool zuwa can tafiyar wajen awa uku da rabi ce a mota, kuma masu zuwa sukan bar jajayen ƙyallayensu a jikin dutsen kafin su juya.